Ruwan Alwala a Shingayen Kudai

Shekara goma sha ɗaya na yi a cikin rami a titunan Makka kafin a ba ni aikin da ake yi a tsaye. Kamfaninmu ƙarami ne. Mu ne masu fasa kwalta mu binne bututu, mu mayar da ƙasa, wasu su zo su shafe. Idan ka taɓa leƙowa ta tagar bas ka ga mutane da riguna masu walƙiya, kai kana cikin sanyi su suna cikin ƙura, to wataƙila ka gan ni. Sai dai ba za ka ga komai nawa ba in ban da hula, don sauran jikin yana ƙasa.

Karatu ne ya fito da ni daga ramin. A unguwarmu ta Ka'akiyya akwai wani ɗalibi ɗan Gusau da ya zo neman ilimin addini. Shi ne yake tara mu manya bayan la'asar ranar Juma'a da Asabar, yana koya mana rubutun boko da karanta takardun Larabci irin na wurin aiki. Na yi allo ina yaro, amma ban taɓa riƙe biro don in rubuta maganar kaina ba sai da furfura ta fito mini. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni na kai inda zan bi layi a hankali in gane abin da yake cewa. Shugaban aikinmu, wanda muke ce wa mushrif, wani dogon Basudane ne mai saurin fushi da saurin hucewa. Wata rana ya gan ni ina bin rubutun jikin buhun siminti da yatsa. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce daga yau ni ne mai kula da shingaye.

Ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Gwiwoyina sun riga sun fara ƙara duk lokacin da zan hawo daga rami, kuma na san ba su da sauran shekaru da yawa a wannan aikin.

Shingen da nake magana a kai na roba ne, wani ja wani fari, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Idan babu komai a ciki, mutum biyu za su ɗauke shi suna hira. Idan aka cika shi da ruwa, ko mu shida ba ma gusar da shi. Akwai murfi a sama inda ake zuba ruwan, akwai toshi a ƙasa inda ake zubar da shi ranar tashi. Ana jera su a gefen aiki, a sarƙe kowanne da na kusa da shi da wani ƙarfe, su raba tsakanin motoci da mutane. Kowanne yana da tambari da lamba a jikinsa. A lokacin na ɗauka tambarin ado ne na masu ƙera shi.

Aikina kullum da safe shi ne in bi layin daga farko zuwa ƙarshe da takarda a hannu. In duba ƙarafen, in buɗe murfi in ga ruwa ya kai alama, in ga allunan gargaɗi suna tsaye, in gyara robobin nan masu kama da mazurari a kife da ake jerawa tun daga nesa don direba ya fara karkata. Duk abin da na samu daidai sai in sa masa alama a takarda. Ina son takardar nan ƙwarai. Har leda na saya mata don kada gumi ya ɓata ta.

Wurin farko da aka ba ni a unguwar Kudai ne, kusa da inda bas-bas ke sauke mutane, ana saura 'yan makonni aikin Hajji, baƙi sun fara cika gari. Shinge arba'in da biyu ne. Goma sha ɗaya suna ƙarƙashin gada cikin inuwa, sauran suna rana. A bayan shingayen akwai wata siririyar hanya da muka bar wa masu tafiya a ƙasa, sannan raga, sannan raminmu.

Wanda aka haɗa ni da shi don ɗaukar kaya wani Badamagare ne, sa'ana, gajere mai faɗin kafaɗa da dariya mai ƙarfi. Ni kuwa Bakano ne, saboda haka tun ranar farko babu wanda ya bar wani ya huta. Shi yana cewa da za a ba Bakano inuwar gadar nan, da ya yanka ta gida-gida ya sa haya. Ni kuma ina cewa Badamagare ko sallama zai yi sai ka ɗauka yaƙi ya zo. Haka muke wuni, aikin yana tafiya.

A mako na biyu na lura ruwa yana raguwa. Motar ruwa, wadda a nan ake ce wa wayit, takan zo sau ɗaya a mako ta ƙara mana abin da zafi ya shanye. Sai ga shi bayan kwana biyu da zuwanta wasu shingayen sun koma rabi. Na sa aka kira ta, ta cika. Bayan kwana biyu kuma haka. Na tsuguna na shafa gindin kowanne ko ya tsage, ban ga tsaga ba, amma ƙasar wurin a jiƙe take. Mushrif ya fara kallona ta gefen ido duk lokacin da na ce a kira wayit.

Na ce wa Badamagare, “Mutumina, ruwan nan ina yake zuwa?”

Ya ce, “Rana ce ke sha. Kai ba ka jin yadda take ba?”

Na ce, “To ai na rana a cike suke. Na inuwa ne suke ƙarewa. Rana ta bar na gabanta ta shiga ƙarƙashin gada tana sha?”

Ya ɗaga kai yana kallon gada kamar yau ya fara ganinta. Ya ce, “Ikon Allah ke nan.”

Ni al'adata idan an kusa azahar nakan koma bayan akwatin kayan aiki in ci abin da maiɗakina ta ɗauro mini. Ranar nan sai na bar abincin na zagayo ta bayan raga. Abin da na gani har yau idan na tuna sai na yi murmushi. Alhazai ne wajen bakwai, wasu da harami, sun tsuguna a jere a gindin shingaye cikin inuwa. Badamagare yana tsakiyarsu, ya murza toshin ƙasa kaɗan, ruwa yana zuba siriri kamar famfo. Ya yanke gorar roba ya mayar da ita buta, yana cika wa wannan, yana miƙa wa wancan. Wani tsoho yana shafar kai yana sa masa albarka da wani yare da ban taɓa ji ba, shi kuma yana amsawa da amin kamar ya gane.

Na ce, “Kai, mutumin Damagaram! Ashe kai ne ranar?”

Ya ce, “Yi a hankali, Bakano, kada ka firgita baƙin Allah.”

Da suka watse ya ba ni labarin. Wani dattijo ne ya sauka daga bas a makon farko, ƙafafunsa sun kumbura, ya ga toshi ɗaya yana ɗiga, ya tsuguna yana tarar ɗigon a tafin hannu. Badamagare ya ce zuciyarsa ba ta iya kallo ba, sai ya ƙara murza masa. Wasu suka gani suka tsaya. Washegari direbobin bas da kansu suke nuna wa fasinja wurin. Na rana ba a taɓa su saboda ruwansu da tsakar rana zai dafa ƙwai. Na inuwa kuwa ɗumi kawai yake yi, daidai alwala.

Ya ce, “Shekara nawa kake garin nan? Ka taɓa jin an hana alhaji ruwa a Makka? Kakannin mutanen nan da salka suke bin alhazai. Mu da muka samu ruwa a gefenmu, sai mu zauna a kai?”

Na ce masa ruwan ba namu ba ne, na shinge ne. Na ce gobe ni da kaina zan tsaya in hana.

Washegari na tsaya. Mutum na farko da ya zo wani tsoho ne siriri mai farin gemu, yana dogara sanda, jakarsa rataye a wuya. Na ɗaga hannu na ce masa da Larabci an hana. Bai ji ba, ko ya ji bai gane ba. Ya jingine sandar a jikin shinge, ya naɗe hannun riga, ya miƙo mini tafukansa biyu yana murmushi, babu haƙori ko ɗaya a bakinsa. Ya ce, “Moya.” Wato ruwa. Ban san lokacin da na tsuguna na murza toshin da hannuna ba. Badamagare yana can bakin raga ya riƙe ciki, dariya ta hana shi magana. Da ya samu numfashi ya ce, “Sannu da hani, ranka ya daɗe!”

To daga nan ne na yi kuskurena, kuma ni na kawo shawarar, ba zan ɗora wa kowa ba. Na zauna na yi tunani irin nawa. Na ce amfanin ruwan nan nauyi ne, don kada mota ta ture shinge. Yashi ya fi ruwa nauyi. Yashi ba ya yoyo, rana ba ta shansa, ba sai an kira wayit ba. Ga tsibin yashi da tsakuwa nan a gefen raminmu. Amma gaskiyar abin da ya fi ja na shi ne, idan babu ruwa a ciki, ba zan sake kallon idon wani tsoho in hana shi ba. Zan ce babu, kuma ban yi ƙarya ba.

Da na gaya wa Badamagare sai ya ce, “To, ba laifi. Sai su riƙa taimama da shi.”

Kwana biyu muka yi muna ɗura yashi a shingayen inuwa ta ƙaramin bakin nan na sama. Muka yanke jarka muka yi mazurari, shi yana kawowa a baro, ni ina zubawa da shebur. Inda yashi ya gaza muka ƙara da tsakuwa. Da muka gama na sha ɗaya, na ja da baya na tokare shi da ƙafa da dukan ƙarfina, ko gezau. Na ji daɗi har cikin raina. Ban gaya wa mushrif ba, don ina jiran ranar da zai tambayi dalilin da ya sa ba a kiran wayit, in nuna masa dabarata.

Ranar Talata mai duba aiki ya zo. Shi ba ma'aikacin kamfaninmu ba ne, daga hukumar da ke ba da izinin aiki a titi yake, kuma idan bai sa hannu ba, aiki ya tsaya. Matashi ne, bai wuce sa'ar ƙanina na uku ba, da farar jallabiya da rigar walƙiya a sama. Ya gaisa da mushrif, ya karɓi takardata ya duba, sannan ya fara bin layi. Ba ya buɗe murfi. Makullin motarsa kawai yake ƙwanƙwasa wa kowane shinge, ya saurara, ya wuce. Na rana duk suka amsa masa da murya ɗaya. Da ya shiga ƙarƙashin gada ya ƙwanƙwasa na farko, sai ya tsaya. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ya buɗe murfi ya leƙa.

Badamagare ya ce mini a hankali da Hausa, “Bakano, shirya karɓar lambar yabo.”

Sai mai duban ya juyo ya ce, “Yashi na, Kawu? Mi kas sa ciki?”

Muka kalli juna. Ashe jikan Hausawa ne, haifaffen nan. Kakarsa ce ta zo daga ƙasar Sakkwato, kuma Hausarta ce a bakinsa, tsohuwa, yana yi yana cike gurbi da Larabci. Jin haka sai na saki jiki. Na yi masa bayani dalla-dalla, cewa yashi ya fi nauyi, ya fi ƙarfi, ko babbar mota ta zo ba za ta gusar da shi ba. Har na sake tokarar shingen don ya gani.

Bai yi fushi ba. Ya ciro waya ya ce mu matso. Ya nuna mana wani fili mai faɗi da layin shingaye irin namu sak. Wata mota ta taho a guje, babu mutum a ciki, ta doki layin a karkace. Ruwa ya yi sama fari fat. Layin ya lanƙwasa kamar igiya, ya ja baya, amma bai tsinke ba. Motar ta goga jikinsa tana rage gudu har ta tsaya a kan ƙafafunta huɗu.

Badamagare ya ce, “Innalillahi! Sabuwar mota ce fa. Da gangan?”

Mai duban ya yi dariya ya ce da gangan. Ya ɗora yatsa a kan tambarin jikin shingenmu. Ya ce kafin a yarda a ajiye irin wannan a titi, sai an kai samfurinsa an buga masa mota, an auna yadda motar ta tsaya da abin da zai sami wanda ke ciki. Idan ya ci gwajin sai a ba shi takardar amincewa, lambar nan kuma ita ce shaidarsa. Amma takardar tana kan shingen yadda aka gwada shi ne, da ruwansa, da ƙarafensa, da filin da zai ja baya. Idan ka canza abu ɗaya, ka fitar da shi daga takardar.

Na kira shi da Muhandis, wato injiniya, na ce, “Amma Muhandis, ai nawa ya fi wancan tsayawa.”

Ya ce, “Kawu, a cikin motar da za ta kuɓuce akwai mutum, wataƙila da 'ya'yansa a baya. Ruwa yana ba da hanya, yana shanye bugun. Naka kuwa, idan mota ta doke shi, za ta tsaya tsam ne? Za ta hau ta kife ne? Tsakuwa za ta fashe ta yi kan masu tafiya? Ni ban sani ba. Kai ka sani?”

Na ce ban sani ba.

Ya ce, “To babu wanda ya sani, don ba a gwada ba. Abin da ba a gwada ba, ba ni da hannun da zan sa masa.”

Sannan ya tambayi abin da ya kai mu ga yashi tun farko. Kafin in buɗe baki, Badamagare, Allah ya saka masa, ya ce shi ne sila, ya ba da labarin alhazai tun daga tsohon farko har butar gora. Mai duban ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Amma da ya gama sai ya je ya tsaya daidai inda suke tsugunawa, ya ce mu tuna yadda layin nan na waya ya ja baya. Ya ce idan mota ta doki namu, nan ne layin zai biyo. Mai wucewa yana iya kaucewa, wanda ya tsuguna yana wanke ƙafa ba zai iya ba. Ga shi ni da hannuna na tsugunar da tsohon nan a wurin.

Ya ce zai dawo Alhamis da hantsi. Idan ya samu ko ɗaya ba daidai ba, zai rufe aikin.

Bayan tafiyarsa mushrif ya yi faɗan da tun da na san shi bai yi irinsa ba. Ya yi da Larabcin Makka, da ya ƙare masa ya koma na Sudan. A ƙarshe ya nuna ni da yatsa ya ce, “Ya zol, kai mutumin nan, ni na fito da kai daga rami. Idan Alhamis aka rufe mini aiki, da hannuna zan ba ka shebur ka koma.” Na san ba barazana yake ba. Na ce masa na ji.

Zuba yashi a shinge ashe wasa ne, fitar da shi ne aiki. Sauran ruwan da ke ciki ya jiƙa shi ya dunƙule. Toshin ƙasa ko ƙwaya ba ta fita. Ga nauyi, ba a iya kifa shi. Kuma ba dama mu kwance duka sha ɗayan lokaci ɗaya, don ba a barin giɓi a layi motoci suna wucewa. Shinge biyu ne kawai na ajiya a wurin. Sai mu sa mai injin ɗaga kaya ya ciro biyu, mu maye gurbinsu da na ajiya, mu kwantar da su bayan raga mu yi ta fama, idan mun gama mu mayar da su gurbinsu.

Da na koma gida ranar Talata na gaya wa maiɗakina. Ta saurara har ƙarshe, ta shiga kicin ta fito da babban ludayinta na miya mai dogon hannu. Ta ce, “Ungo. Abin da ya shiga ta ƙaramin baki da ludayi ake fito da shi. Kuma kada ka dawo mini da shi, na yafe.”

Ludayin nan ya yi aiki fiye da shebur. Badamagare yana zura rodi yana farfasa dunƙulen, ni ina kwasowa ludayi-ludayi. Idan ya ragu sai mu zura tiyo mu kaɗa, mu mirgina shingen, ruwan laka ya fito, mu sake. Kowane ɗaya yana cin fiye da awa. Hannuna ya yi kanta a inda bai taɓa yi ba duk shekarun haƙa. Badamagare bai daina baki ba. Duk wanda ya leƙo daga rami sai ya ce masa, “Zo ka ga Bakano yana rabon tuwo. Yau ne kawai za ka ci nasa kyauta.”

Muna cikin haka ranar Laraba alhazai suka zo kamar kullum, suka tsaya suna kallonmu, suna kallon toshi. Na ga cewa ko mun gama wankewa, jiya za ta dawo. Na wanke hannu na je wurin mushrif. Na roƙe shi ya ba ni babban duron nan shuɗi da muke tara ruwan kwaɓa siminti, tunda akwai biyu.

Ya ce, “Ni kamfanin titi nake riƙe ko masallaci?”

Na ce, “Idan ba mu ba su a can ba, za su nema a nan. Ni na gwada hanawa, ban iya ba. Kai ma ka zo ka gwada gobe da azahar, akwai wani tsoho da zan haɗa ka da shi.”

Ya dube ni. Ya ce, “Ɗauki. Amma ka wanke shi sosai, kada mutane su yi alwala da siminti su ce ni ne.”

Muka kai duron can jikin bangon gada, nesa da titi, inda ko layin ya ja baya ba zai kai ba. Muka ɗora shi a kan bulo, Badamagare ya sa masa kan famfo, muka shimfiɗa katako don kada wurin ya yi caɓi. Toshin shingaye kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana na ɗaure, yadda hannu ba zai murza ba. Badamagare ya naɗa kansa sarkin duro. Da ya hango masu saukowa daga bas sai ya ɗaga butarsa yana kira, “Moya hina, ya Hajj! Nan, nan, Baba!”

Mun gama na ƙarshe ranar Alhamis da sassafe, wayit ta cika su, ƙasa ba ta ko bushe ba motar mai duba ta tsaya. Ya gaishe ni da Kawu, ya tambayi gajiya, ya ciro makulli. Na bi shi a baya, mushrif yana bina, Badamagare yana bin mushrif. Na rana suka wuce lafiya. Ƙarƙashin gada na farko, na biyu, har na takwas. A na tara ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa sama, ya ƙwanƙwasa ƙasa. Ya buɗe murfi, ya karɓi rodi ya zura har gindi ya juya. Dukanmu muka ji ƙarar tsakuwa. Wannan shi ne wanda muka wanke ana kiran magariba ranar Laraba, gajiya ta sa muka ce ya isa.

Na ji mushrif ya ja numfashi a bayana. Ban juya ba.

Na ce, “Muhandis, laifina ne. Akwai na ajiya guda biyu da ba su taɓa ganin yashi ba. Wayit ba ta tafi ba. Ka ba ni rabin awa.”

Ya duba agogo, ya dubi wayit, ya ce zai je ya duba allunan gargaɗi na can farkon hanya, kuma shi ba mai saurin tafiya ba ne.

Ban taɓa ganin Badamagare ya yi aiki baki a rufe ba sai ranar. Muka kwance toshi ruwan ya zube, muka zare ƙarafe, muka ja na taran waje, muka tura na ajiya, muka sarƙe. Mushrif da kansa ya riƙe tiyo, ruwa yana fallatsa wa wandonsa. Lokacin da mai duban ya dawo, ina ɗaure murfi. Ya duba tambarin sabon, ya gwada lambarsa da ta takardarsa, ya ƙwanƙwasa, ya ƙarasa sauran biyun. Ya hango duro da mutane uku a gindinsa, ya auna nisan da ido. Ya ɗora takarda a kan shinge ya sa hannu.

Da motarsa ta tashi, mushrif ya matse ƙafar wandonsa, ya ce mini ranar Asabar za a kawo ƙarin shinge ashirin don aikin zai miƙa gaba, in zo da wuri in duba lambar kowanne kafin a sauke, wanda ba shi da tambari in mayar da shi kan mota. Ya juya zai tafi, sai ya dawo ya ce kuma duk abin da zan zuba a cikin wani abu daga yau, ko shayi ne a kofi, in fara tambayarsa.

Badamagare ya jira har mushrif ya yi nisa. Ya zauna a kan shingen da muka cire, ya miƙe ƙafafu, ya ce, “To Bakano, ka tsira daga rami. Sauran tsakuwar nan ta ciki fa, wa zai kwashe?”

Na ce, “Wanda ya fara murza toshi.”

Ya ce, “Wanda ya zuba dai.”

Muka yi ta ja har aka kira azahar. Bayan salla muka kwashe ta tare, shi da rodi, ni da ludayi.